Ra'ayinmu: Wa Zai Auna Mana Iskar Da Ke Bisa Kanmu?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Gusau zuwa Bungudu ya san tafiyar ba wata mai tsawo ba ce, kafin yaron mota ya gama karɓar kuɗi an iso. To, da za a ɗauki wannan 'yar tafiya a tsai da ita tsaye kamar sanda, gindinta a kasuwar Bungudu, kanta ya nufi sama, da wanda ya hau ƙarshenta ya sami kansa a nisan kamar kilomita 17 daga ƙasa, inda sanyi ke kai wa digiri 80 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Ko a tsakiyar watan Afrilu, sa'ad da kwalta ke laushi a hanyar Sakkwato, jama'a na kwana a tsakar gida saboda gumi, wannan sanyi yana nan bisa kanmu bai gusa ba. Ƙanƙarar da kan zubo wani lokaci tare da ruwan farko ita ce 'yar shaidar da yake aiko mana.

Mun san wani ɗan'uwa zai ce, me ya haɗa mujallar ɗalibai da wannan zance, alhali ga rashin ruwa a ɗakunan kwana, ga tsadar abinci, ga iyayenmu a ƙauyukan Zamfara da yawansu ba su isa gonakinsu ba saboda 'yan bindiga? Tambaya ce mai kyau, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Amsarmu ita ce, gonar da aka samu aka isa, ita ma tana jiran ruwa, ruwan nan kuwa a can sama ake shirya shi. Kowane ɗayanmu da ya tashi a gidan noma ya taɓa ganin shekarar da aka yi ruwan shuka, aka zuba iri, gero ya tsiro, sa'an nan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, har aka koma neman wani iri da bashi. Saboda haka muke roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu, mu ga yadda aka fara sanin abin da ke can, da kuma irin mutanen da suka sano shi. Tun da wuri kuma mu faɗa, don kada a rikice: zancen iskar da ta lulluɓe ƙasa muke yi, wadda tsuntsu da jirgi ke keta ta, ba zancen sammai da malamai suka karantar da mu ba.

A Faransa aka fara tashi cikin balan-balan, a shekarar 1783. Da farko abin kallo ne kawai, amma ba a daɗe ba masu ilmi suka gane cewa sun sami tsani. A 1804 wani masani mai suna Gay-Lussac ya tashi shi kaɗai daga birnin Faris, ya kai kamar mita 7,000, ya ɗebo iskar can a cikin kwalabe don ya gwada ta da ta ƙasa. Sai dai tsanin yana da haɗari wanda ba a san girmansa ba tukuna. Ran 5 ga Satumba 1862 wani Baturen Ingila, James Glaisher, ma'aikacin auna yanayi, ya tashi daga Wolverhampton tare da matuƙinsa Henry Coxwell, a cikin kwando buɗaɗɗe, ba su da abin numfashi. Glaisher na zaune gaban ma'aunansa yana rubuta zafi da nauyin iska, sai ya ga ya kasa karanta lambobin da ke gabansa, ya nemi ɗaga hannu hannu ya ƙi, daga nan ya suma. Coxwell kuwa sanyi ya riga ya kashe masa hannuwa, ba ya iya kama kome, balan-balan kuma sai ƙara yin sama take yi. Da haƙoransa ya cafki igiyar bawul ya ja, iska ta fita, suka fara sauka. Abin da ya fi ba mu mamaki a labarin shi ne, da Glaisher ya farfaɗo, fensirinsa ya ɗauka ya ci gaba da rubutu.

Waɗannan biyu sun tsira. Bayan shekara goma sha uku, ran 15 ga Afrilu 1875, wasu Faransawa uku, Sivel da Crocé-Spinelli da Tissandier, suka tashi cikin wata balan-balan mai suna Zénith. Su sun yi shiri, sun ɗauki jakunkunan iskar oksijin don su shaƙa in numfashi ya yi wuya. Abin da ba su sani ba shi ne, ƙarancin iska ba ya yi wa mutum sallama. Yakan fara da sa shi jin daɗi da ganin ƙarfinsa, kamar mai maye, har lokacin da zai ce bari ya miƙa hannu ya ɗauki bututun, ya tarar hannun ba nasa ba ne. Sun haura mita 8,000. Da balan-balan ta sauko, Tissandier kaɗai ke da rai, shi ma ya rasa jinsa, abokansa biyu na kwance a cikin kwando.

Irin waɗannan labarai su ne masu daɗin bayarwa, mu ma mun ji daɗin ba da su. Amma in za a yi adalci, babban abin da aka gano game da iskar sama bai fito daga hannun jarumai ba. Ya fito ne daga hannun wani mutum da ya zauna a ƙasa. Sunansa Léon Teisserenc de Bort. A 1896 ya bar aikin gwamnati, ya kafa tasharsa ta auna yanayi da kuɗin aljihunsa a wani gari da ake kira Trappes, kusa da Faris. Kafinsa, a 1892, wasu Faransawa biyu, Hermite da Besançon, sun nuna cewa ba dole sai mutum ya hau ba, ana iya ɗaura wa ƙaramar balan-balan ma'aunin da ke zana sakamakonsa da kansa, a sake ta, in ta faɗo a je a ɗauko. Wannan dabara ya kama, ya riƙe ta kamar mai bin bashi.

A lokacin kowa ya yarda cewa muddin ana yin sama, sanyi ƙaruwa yake yi, kamar digiri shida da rabi a kowace kilomita, har iyakar iska. Sai ma'aunan mutumin nan suka riƙa dawowa da wani zance dabam: in an kai wajen kilomita 11, sanyin sai ya tsaya, wani lokaci ma ya ɗan sassauta. Da irinmu ne, masu ɗokin suna, da tun a karo na uku an kira taron 'yan jarida. Shi kuwa kansa ya fara tuhuma. Ya ce watakila rana ce ke dukan ma'aunin tana sa shi ƙarya, don haka ya koma sakin balan-balan da dare. Ya saka da rani, ya saka da sanyi, ya canja ma'auni, ya sake sakawa. Sai da ya tara tashi 236 kana ya tsaya gaban majalisar masanan kimiyya ta Faransa, ran 28 ga Afrilu 1902, ya ce iska hawa biyu ce: na ƙasa, inda gajimare da hadari da guguwa suke, da na bisa, inda sanyi ya daina ƙaruwa, iska kuma ba ta cakuɗa sama da ƙasa. Bayan kwana uku kacal wani Bajamushe, Richard Assmann, ya ba da irin wannan labari a Balin, daga nasa gwaje-gwajen. Hawan nan na bisa shi ne Teisserenc de Bort ya raɗa wa suna sitiratosfiya. Mu a nan bari mu kira shi bene na biyu.

Jarumai sun biyo baya, ba mu kuwa raina su ba. A 1912 Victor Hess ya hau mita 5,300 ya gano cewa akwai wani haske marar ganuwa da ke zubo wa duniya daga waje, abin da ya jawo masa lambar Nobel a 1936. Ran 27 ga Mayu 1931 Auguste Piccard da mataimakinsa Paul Kipfer suka shiga wani ƙwallo na sanholo rufaffe, wanda ke riƙe musu iskar numfashi, suka tashi daga Augsburg ta Jamus, suka kai mita 15,781, suka shiga bene na biyu. Igiyar bawul ɗinsu ta sarƙe, suka yini a sama da ƙishirwa, sai da dare suka sauka bisa ƙanƙarar wani dutse a Ostiriya. A 1934 Rashawa uku suka hallaka a irin wannan tashi, a 1935 kuma Amurkawa biyu, Stevens da Anderson, suka kai mita 22,066. Amma duk waɗannan sun shiga ɗakin da wani ya riga ya nuna musu ƙofarsa ne, da takarda da haƙuri.

Yanzu bari mu dawo gida. Iyakar nan da aka samu a kilomita 11 ta ƙasar Turai ce. A 1908 wani ayarin Jamusawa ƙarƙashin Arthur Berson ya zo Afirka ta Gabas, ya saki balan-balan a bakin Tafkin Biktoriya, ya tabbatar da abin da hankali ba zai fara kawowa ba, watau a ƙasashe masu zafi iyakar ta fi nisa, sanyin da ke wurinta kuma ya fi na bisa Turai tsanani. Dalili kuwa shi ne, zafin ƙasa irin tamu yana tunkuɗa iska ta yi sama da ƙarfi, tana tafiya tana hucewa, ba ta tsayawa sai wajen kilomita 16 ko 17. Shi ya sa hadarin marka kan yi tsiri har ya zama kamar an aza Dutsen Kwatarkwashi bisa 'yan'uwansa, sa'an nan kansa ya baje kamar faifai: ya bugi rufin bene na farko ke nan, ba shi da sauran wurin zuwa.

Akwai kuma wani abu da kowane tsoho a Bungudu ko Tsafe ya sani tun kafin a haifi kakan Berson. Da damina iskar da ke kaɗawa a ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa, ita ce mai ɗauke da laimar teku, amma hadari daga gabas yake tasowa. Manomi in ya ga gabas ta yi baƙi ba ya jiran a gaya masa ya kwance jakinsa. Me ya sa ruwa zai zo ta wata fuska, iskar da ta kawo laimarsa ta zo ta wata? Balan-balan ce ta warware wannan. Ashe iskar yamman nan siririya ce, a ƙasa-ƙasa take. In an haura kilomita uku zuwa huɗu akwai wani kogin iska mai gudu daga gabas zuwa yamma, shi ke kora hadarurruka gabansa, in kuma an kai wajen kilomita 12 zuwa 14 akwai wani kogin na biyu, wanda ya taso tun daga sararin Indiya. Masanan da suka bi diddigin farin 1972 da 1973, da na 1983 da 1984, waɗanda iyayenmu ba su daina ambato ba, sun lura cewa a shekarun fari kogin nan na bisa yakan yi rauni, na tsakiya kuwa yakan karkata kudu. Watau abin da zai sami rumbun mutumin Nahuce yana da alama a wurin da idonsa ba ya kai wa.

Tun 1929 da 1930, sa'ad da Robert Bureau a Faransa da Pavel Molchanov a Rasha suka ɗaura wa balan-balan ƙaramin akwatin rediyo mai aiko da sakamako tana cikin tafiya, aikin ya daina bukatar jarumi. A yau ɗaruruwan tashoshi a duniya suna sakin balan-balan sau biyu kowace rana a lokaci guda, wanda ya yi daidai da ƙarfe ɗaya na dare da ƙarfe ɗaya na rana a agogonmu. Takan yi sama kamar mita biyar a daƙiƙa, tana kumbura, har ta fashe a wajen kilomita 30. Da abin da waɗannan akwatuna suka aiko ake ciyar da manyan kwamfutocin da ke hasashen yanayi. To, a nan ne abin kunya yake. Afirka ce ta fi kowace nahiya ƙarancin irin waɗannan tashoshi, Hukumar Yanayi ta Duniya ma ta ce rahotannin balan-balan da ke zuwa daga Afirka sun ragu da kusan rabi tsakanin 2015 da farkon 2020. Hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, muna kuwa yaba mata, amma mai dafa tuwo ba ya wuce garin da aka ba shi.

Ba wai ba a taɓa auna samanmu da kyau ba. A daminar 2006, cikin wani babban shirin binciken damina ta Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, an gyara tsofaffin tashoshi, aka buɗe sababbi a Abuja da Tamale da Parakou da Kwatano, aka kuma saki manyan balan-balan daga Yamai. Daga Damagaram kuwa, nan ƙasar Hausa, ran 28 ga Agusta na wannan shekara, masanan Faransa da na Amurka suka fara sakin wasu irin balan-balan da ke hawa bene na biyu, wajen kilomita 20, su bi iska su nufi yamma kwana da kwanaki, suna yar da ƙananan ma'aunai masu lema ɗaya bayan ɗaya, har su ƙetare zuwa Tekun Atalantika. Abin da ya fi damun masu wannan ɓangare na aikin shi ne mahaukaciyar guguwar da ke rushe garuruwan gaɓar Amurka, domin da yawa daga cikinta a nan take farawa, a matsayin hadarin da ya shayar da gerommu ya wuce. Ba mu ga laifinsu ba, kowa gidansa yake karewa, kuma akwai masanan Afirka da suka yi aiki a shirin suka ƙaru. Sai dai baƙo, kome daɗewarsa, ranar tafiyarsa na zuwa. Haka aka yi a Kano, inda Amurkawa suka kafa tashar da ta bi sawun kumbon John Glenn a 1962: aikin ya ƙare, aka naɗe kaya.

Wani zai ce ai yanzu zamanin tauraron ɗan'adam ne, me za a yi da roba da igiya? Tauraron daga nesa yake leƙowa, kamar mai ƙiyasta buhunan gona daga kan hanya. Yana ganin faɗi, amma ƙurar hunturu da gajimare sukan rikita shi, dole kuma a riƙa gwada abin da ya faɗa da na ma'aunin da ya shiga cikin iskar da kansa. Inda babu ma'aunin, ba mai gyara masa kuskure.

Ga abin da muke nema, kuma daga kanmu muke fara nema. Kowace shekara ƙungiyarmu na kashe kuɗi a kan liyafar rantsar da shugabanni, da kalanda mai hotunansu, da huluna da riguna waɗanda ba a sake ganinsu bayan mako guda. Muna kira ga majalisar ƙungiya ta ware wani kaso daga wannan, a sayi ma'aunan ruwan sama, abin da ko maƙerin gwangwani na iya yi in an ba shi awo, a raba wa ɗaliban da suka fito daga Bungudu da Tsafe da Maru da sauran garuruwa, kowa ya kafa a gidansu, ya koya wa ƙanensa karantawa da rubutawa kowace safiya, a tara a littafi guda. Mataki na biyu shi ne a roƙi malaman sashen labarin ƙasa da na kimiyyar lissafi da ƙarfi su jagorance mu a fara sakin ƙananan balan-balan marasa akwati, waɗanda ake bi da madubin awo daga ƙasa a san inda iska ta nufa a kowane hawa. Da irinsu aka yi aiki a filayen jiragen sama shekara da shekaru. Dole a nemi izinin hukumomin jiragen sama da na tsaro, dole kuma iskar haidurojin da ake cika su da ita ta zauna a hannun wanda ya san ta, domin tana kama wuta. In mun riƙe wannan shekara biyu ko uku ba fashi, sa'an nan ne za mu iya tsayawa gaban hukumar jami'a da NiMet mu ce a kawo tasha mai akwatin rediyo nan Zamfara, ga littafinmu shaida.

Mun ce ba fashi, a nan ne kuwa muke jin tsoron kanmu. Mun iya taron buɗewa, mun iya jawabi, mun iya kafa kwamiti. Abin da ba mu taɓa gwadawa ba shi ne aikin da ba a tafa wa, wanda za a yi ran Sallah, a yi ran jarrabawa, a yi lokacin yajin aiki, a miƙa wa 'yan aji ɗaya in an gama. Lissafin yanayi mai giɓi kamar tsani ne da aka cire wa matakai. Shekara shida mutumin Trappes ya yi kafin ya buɗe baki, watau ya fi tsawon zaman kowane ɗayanmu a wannan makaranta.

Saura abu guda, wanda in an manta da shi zai iya ɓata kome. Ran 27 ga Agusta 1783 aka saki balan-balan ta farko mai haidurojin a Faris, ba kowa a ciki. Ta faɗi a wani ƙauye mai suna Gonesse, mutanen ƙauyen suka ɗauka dodo ne, suka far mata da kayan noma suka yayyage ta, har sai da gwamnati ta fitar da sanarwa tana kwantar wa jama'a da hankali. Kada mu yi musu dariya. A halin da Zamfara ke ciki, mutumin da ya ga wani abu ya faɗo gonarsa daga sama da igiya yana da hujjar ya tsorata, yana ma da hujjar ya zargi wanda ya gani kusa da shi. Don haka kafin a saki ko guda, sai wakilanmu sun je gaban masu sarauta da limamai na garuruwan da ke kewaye, sun nuna abin a hannu, an taɓa shi, an yi shela a kasuwa da gidan rediyo. Kowace balan-balan kuma a ɗaura mata 'yar takarda cikin leda, da boko da ajami, mai cewa wannan kayan auna iska ne na ɗalibai, ba ya cutarwa, wanda ya tsinta ya kai wa mai unguwa. Muna roƙon majalisa ta sa wannan magana a zamanta na gaba, domin ma'aunan ruwa su isa gidaje kafin hadarin farko na watan Mayu.